Kwamfutarku Ta Mayar Da Mutum Biyu Ɗaya

Zuwa ga Manajan kamfanin da ya harhaɗa mini kwamfuta a Sakkwato,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ranka ya daɗe, na rubuto a fili ne domin na gaji da kiran wayar da ba a ɗauka.

Ni mai sito ne a Illela. Manoma da fatake na Najeriya da Nijar suna kawo mini wake da gero in ajiye musu. Mahaifina da shuni yake yi wa buhun kowa alama, har ya rasu bai taɓa ba wani kayan wani ba. Injiniyanka ya zo ya yi wa shunin dariya, ya ce zai haɗa mini na'ura daidai da aikina. Ni kuma da son a ce na waye, na ajiye shuni.

Na farko, na gaya masa rabin mutanena 'yan Konni ta Nijar ne, sunansu da rubutun Faransanci yake. Ya ce ya ji. Ashe ya koya wa na'urar gyaran suna: a rubuta Ousmane, ta mayar da shi Usman, ba ta tambayi kowa ba.

Na biyu, ina da Ousmane Ali, dattijo daga Konni, aminin mahaifina, ina kuma da Usman Ali na Tozai. Na'urar ta haɗe kayansu wuri guda. Ranar da Usman ya sayar da wakensa ya ce a loda duk waken da ke sunansa, na duba na'ura na loda, mota ta yi kudu. Har da waken Baba Ousmane a ciki, kuma iri ne da yake adanawa tun zamanin iyayensa, ga damina ta ƙarato. Na kai masa wani wake, ya ƙi karɓa. Bai zage ni ba, ya dai turo amalanke aka kwashe geronsa, mutanen Konni suka bi sahu. Kunyar nan har yau tana hana ni tsallaka boda.

Na uku, da na kai ƙara, injiniyanka cewa ya yi mu mutanen iyaka ne ba mu iya rubuta suna ba.

Buƙatata ɗaya ce: ka taso da ƙafarka mu je Konni, ka tsaya gaban dattijon nan ka faɗi wanda ya yi kuskure. In ka ƙi, na ji kana zawarcin 'yan canji da dillalan shanu su sayi na'urarka. Kowace Lahadi, ranar da kasuwarmu take ci, zan ɗora kwamfutar a kan tebur a tsakiyar kasuwa, kowa ya rubuta sunansa ya ga abin da za ta yi da shi. Ba zan yi maka ƙarya ko ɗaya ba, ba na ma buƙatarta. Ban yafe ba.

Allah Ya ja kwananka, Ya haɗa ka da mai yi maka aiki irin wanda ka yi mini.

Wassalam.

Mai sito a bakin kasuwar Illela