Ɗaya Bakwai a Kan Takardar Siminti

Litinin, 8 ga Mayu, 1978
Na karɓi aikin 'yan aji huɗu. Wanda ya fi, shi zai wakilci makaranta a gasar lissafi a Kuru. Lamba guda na ba su, 1,111,111, na ce su faɗi halinta. Mara ce, uku ba ta raba ta, ta gaba da ta baya duk karatu ɗaya. Sannan babbar amsa: ba abin da ke raba ta sai ɗaya da ita kanta. Ni na gwada da hannuna. Mutum talatin, rabinsu kwafe. Tir!

Laraba, 10 ga Mayu
Hasiya, 'yar telan nan na Anguwan Rogo, ta kawo nata a kan takardar buhun siminti, irin wadda ubanta ke yanka samfurin riga da ita. Duk man keke, har da maiƙon ƙosai. Wai lambar tana rabuwa. Ni za a koya wa? Ko warwarewa ban yi ba, na jefa kwando. Sifili. Na sa sunan ɗalibina Ifeanyi a gasar, ya rubuta abin da na faɗa, tsaf.

Alhamis
"Malam, don Allah a duba ƙasan takardar." Sau biyu Hasiya ta faɗa. Na ce ta ba ni wuri.

Juma'a, 12 ga Mayu
Onyekwere mai koyar da kimiyya ya ishe mu da sabuwar kalkuletarsa. Shi ya tsinto takardar daga kwando, mutum ba ƙyama. Ya danna, ya danna, ya ce, "Oga Shu'aibu, kai ya tsaya a nawa?" Na ce wajen ɗari biyu. Ya ce, "Yarinya bai tsaya ba fa." Dariyarsa kamar ta akuya. Na ce ban yarda da akwatin batir ba.

Asabar, 13 ga Mayu
Na yi da fensir. 239 sau 4649, amsar da ke ƙasan takardar Hasiya. Sau uku na yi, ko zan kama kuskure. Babu. Ni na gaji a 199 na ce shi ke nan, na hau allo ina baza baki. Ita ta bi su ɗaya bayan ɗaya, mako guda, a gefen keken ɗinki. Tuwon rana ma kasa ci na yi. Matata Kubra ta tambaya ko zazzaɓi ne. Da ma shi ne.

Litinin, 15 ga Mayu
Na soke sunan Ifeanyi, ya yi ta kumbura, da gaskiyarsa. Na gaya wa aji an sami ɗan gyara. Ban ce na wa ba, su ma munafukan ba su tambaya ba. Hasiya za ta Kuru. Na ba ta sabon littafi don kada ta kunyata mu da takardar siminti.

Takardar tana aljihun teburina. Har yanzu warin ƙosai take. Ban yar ba.