Ranar da Na Kayar da Dogon Kamaru

Suleja, Nuwamba 1979

Zuwa ga Sailuba 'yar Baba Gwadabe, farin watan unguwar Magajiya, ruwan sabuwar randa a tsakiyar bazara, inuwar mangwaron da nake gudu zuwa gare ta idan duniya ta yi mini zafi. Gaisuwa mai yawa daga wanda kafaɗarsa ke ciwo, amma zuciyarsa ta fi kafaɗar ciwo. Bayan haka, na san kina wurin lokacin da abin ya faru a filin ƙwallon kwando, sai dai ido ba ya ganin abin da ke cikin ƙirji, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Kin tuna yammacin nan a bakin rafin Iku, da na ɗora miki tulu a ka? Ranar kika ce mini kin gaji da 'yan kokawa masu warin ƙasa, zamani ya wuce nan. Wannan magana ita ta raba ni da warkina da layuna, ni Nata'ala da ban taɓa kai gwiwa ƙasa ba daga Madalla har Garam. Na zauna ina zana miki filin sabon wasan da tsinke, kina dariya har ruwan tulun yana zuba a kafaɗarki, kina tambaya wane irin marar aikin yi ne zai wuni yana jefa abu cikin kwandon da ba shi da gindi. Wallahi ban san amsa ba, har yau ma ban sani ba. Na shiga ne don ki kalle ni.

Kin san Mista Alphonsus mai shagon takalma, wanda ya ga wasan sau ɗaya a Ikko ya dawo ya zama shugabansa. Shi ya ce tunda an karɓe mana sunan gari an ba sabon babban birni, dole mu nuna wa duniya muna nan da ranmu. Ya kafa gasa, ya raɗa mana suna ƙwararru, wato bayan wasa ana ba kowa burodi da lemon kwalba. Bai tsaya nan ba, sai da ya gayyato ƙungiyoyin baƙi daga Kamaru da Chadi da Togo, mu da ba mu gama sanin inda ake tsayawa ba. Wanda bai iya rarrafe ba ya kira masu gudu tsere.

Da baƙin suka sauka aka rasa gadon da zai ɗauke su a masauki, sai kwamiti ya raba su gida-gida. Duk gidajen garin nan, me ya sa sai gidanku aka kai wannan Dogon Kamaru? Ban tambayi sunansa ba, kuma ba zan tambaya ba. Na dai ji an haɗa masa gadaje biyu, na ji yana cinye tuwon mutum uku, na kuma ji wa ke kai masa akushin. Na ce wa kaina baƙonka annabinka, Baba Gwadabe mutumin kirki ne.

To, ranar wasanmu da su. Ba wanda ya gaya wa mutanenmu cewa nan ba dandalin kokawa ba ne. Makaɗa suka shigo har tsakiyar fili, maroƙa na yi mini kirari, alƙalin wasa yana busa usur yana korarsu kamar kaji. Shi kuwa Dogo ba ya ma tsalle, miƙa hannu kawai yake yi ya ajiye ƙwallo a kwando kamar mai ajiye kwano a kan kanta. Ni ina ƙasa ina kai da komo tsakanin gwiwoyinsa. Duk wannan na jure. Cin da suka yi mana ya wuce lissafin yaron da ke rubuta maki a allo, shi ma na jure.

Amma da aka tafi hutun rabin lokaci, sai na ga hasken idona ta keto fili da farin hankici. Zuciyata ta yi tsalle, tsallen da ƙafafuna suka kasa yi tun safe. Na share wuri, na miƙo goshi. Kika wuce ni, Sailuba. Kika wuce ni kamar kututture, kika tsaya gaban Dogo, ya sunkuyo kamar raƙumi zai sha ruwa, kika share masa gumi. Ke ba baƙuwa ba ce a garin nan. Kin san abin da ake nufi idan budurwa ta shiga dandali ta share wa namiji gumi a gaban jama'a. Shi ne bai sani ba, amma ni da ke da dukan Magajiya mun sani.

Me kike so in yi? Da aka dawo wasa ya nufo kwando, sai jikina ya tuna sana'arsa ta asali. Na shige ƙarƙashinsa, na kama ƙugu, na sa masa ƙafa, sai ga Kamaru a ƙasa. Fili ya ruɗe da guɗa, matasa suka ɗauke ni a kafaɗa suna zagaye, tsofaffi na cewa gida ya ci. Mista Alphonsus ya ɗora hannu a ka yana cewa, "Nata'ala, ka kashe ni, wannan ba kokawa ba, intanashinal ne." Aka kore ni daga wasan ina bisa kafaɗun mutane. Daga can sama na neme ki cikin masu guɗa, sai na hango ki kina kakkaɓe masa baya. Shi kuma ya tashi yana dariya, ya zo ya ba ni hannu, ya faɗi wani abu da Faransanci. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ya sanyin idona, me tsawo ya taɓa yi wa mace? Giginya ma doguwa ce, na nesa ke shan inuwarta. Wa zai ɗora miki tulu, mutumin da idan ya ɗaga shi sai kin nemi tsani? Luka tafinta yana yawo da labarin cewa Dogo ya tambaye ki ko kina son ganin teku, kuma wai ba ki ce a'a ba. Tun da na ji haka tuwo ya daina wuce mini. Ina tsoron rasa ki, Sailuba, tsoron da ban taɓa ji ba a gaban kowane ƙato.

Gobe da hantsi motarsu za ta tashi. Kwamiti ya yanke mini hukunci, don a wanke sunan gari, ni zan ɗauki akwatin Dogo a ka tun daga ƙofar gidanku har tasha. Na karɓa, ba don Mista Alphonsus ba, sai don ta nan kaɗai zan tsaya a ƙofarku ba a kore ni ba. Idan karamcin gidanku ne kawai kika yi wa baƙo, ki fito ki ce mini sannu, ya ishe ni. Idan kuwa rakiyarsa za ki yi da zuciya ɗaya, ba zan tare hanya ba, zan bi bayanku da kayan har mota. Abu ɗaya nake roƙo: duk garin zai ɗaga kai yana kallon sama, ke ki dubi wanda ke ƙarƙashin akwatin.

Naki da rai, naki ko kin tafi, har ranar da za a auna mini ƙasa daidai gajartata,

Nata'ala