Neman Ƙararrawar Cocin Ƙauyenmu

Zuwa ga Baba,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya ƙarfin jiki? Ina fata Yaya Gerwin yana kai ka asibiti a kan lokaci.

Yau kwanana tara a yankin Transilvaniya. Cocin ƙauyenmu yana nan, amma babu ƙararrawar da kake marmarin sake ji. Tsohuwa Rosina mai riƙe da makulli ta ce bayan mutanenmu sun ƙaura Jamus aka ba wani cocin ita, ba ta san wanne ba. Da na ce zan nemo, ta yi dariya: "Ke 'yar Martin ce, ko ba a faɗa ba. Taurin kan nan nasa ne."

Na hau hasumiyar coci shida, daga garin Sighisoara zuwa ƙauyukan bayan daji, ina neman sunan Kaka da aka zana a jikin ƙararrawar. Ƙafata ta ɗan kumbura, ba wani abu ba ne.

Na ji abin da likita ya faɗa game da ciwonka. Saura coci huɗu, kuma sai na ɗauko maka ƙararta a waya zan dawo. Kai dai ka ci abinci, ka jira ni.

Allah ya ƙara sauƙi.

'Yarka,
Hedda