Ni Na Kashe Hannun Baba Yohanna

Salama gare ki Anti, da duk masu karanta wannan fili. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kar a zage ni, wanda nake wa kaina ya ishe ni.

Ni Kirista ne daga kudancin Kaduna, a aji biyu na bar sakandare na gudo Legas, ina okada a Agege. Tun da sojoji suka koma bariki unguwarmu ba ta zauna ba. Wata uku ke nan faɗa ya tashi tsakanin 'yan Arewa da samarin Yarbawa a layinmu, da rana tsaka, a gabana aka fasa wa abokina kai da kwalba, jini har ƙirji. Idona ya rufe. Na zari rodi na faɗa lungu, sai ga wani yana sauri a gabana, da agbada da hular Yarbawa a karkace. Ko fuskarsa ban duba ba, na sauke masa rodin a kafaɗa, na ƙara, na ji ƙashi ya ce ƙas. Da ya faɗi sai na ji ya ce, "Yesu, ka cece ni," da Hausa. Anti, Baba Yohanna ne, dattijon cocinmu, wanda ya tsaya mini aka ba ni mashin. Ashe anko ya sa, daga bikin 'yar maƙwabcinsa Bayarabe yake. Na gudu.

Hannun ya mutu. Yanzu ni nake kai shi asibiti, mutane na ta sa mini albarka. Wace albarka? Ran nan yana bayana, ya riƙe rigata da hannu ɗaya, na ce, "Baba, wanda ya yi maka wannan, in ya roƙi Allah a ɓoye, an yafe masa?" Ya ce, "Ɗana, Allah ba ya saɓa alkawari, wanda ya furta zunubinsa zai yafe masa. Amma mai adalci ne kuma, da jini aka sayi gafarar nan, ba a wasa da ita. Ni na yafe masa, fuskarsa kawai nake so in gani in faɗa masa." Saura kaɗan in shige ƙarƙashin bas ɗin danfo.

Ga abin da ya hana ni sakat. Samarinmu sun ɗora laifin kan Tunde, mai faci a bakin titi, wai an gan shi da ƙarfe ranar. Mai faci ba dole ya riƙe ƙarfe ba? Sun tanadi adduna, sun ce Lahadin farkon wata bayan sujada za su cire masa hannu, har ni sun ba ni tawa, tana ƙarƙashin katifata. Sau nawa na yi kuka gaban Allah, amma wace irin tuba ce wannan, in ci jibin Ubangiji a coci da safe, da rana a sare hannun Tunde saboda ni? In kuma na buɗe baki, addunan nan kaina za su juyo, na san yaran nan.

Saura sati biyu. Me zan yi?