Na Rufe Ma'ajiyar, Yaya

Yaya,

Na wuce shago kina barci. Allah ya saka miki da alheri kan abin jiya. Fim ɗaya na turo miki, ya ƙi buɗewa, kika goge ƙarshen adireshin, sai ga duk abin da ke ma'ajiyar shagonmu ta intanet a jere: fina-finai da bidiyon bukukuwan da muka ɗauka, har da na amaryar da ta roƙe mu kada kowa ya gani. Ashe kowa zai iya shiga ya kwasa, babu ko kalmar sirri. Da wani ne ya fara gani, ban san da wane ido zan kalli maigidana ba.

Na rufe. In kin tashi ki sake gwadawa a wayarki, ki kira ni.

Kuma ki bar sauke fim daga irin waɗannan shafukan. Gidan da ƙofarsa take buɗe, ba ki san wa ya riga ki shiga ba, balle abin da ya ajiye.

Shayinki na cikin fulas. Daga yau na daina ce miki sarkin taɓe-taɓe.

Ƙaninki