Na Tsayar da Aikin Kwalbati

Laraba da dare, Lugbe

Yanzu na dawo daga ƙauyen nan na bayan Abaji, ko takalmi na kasa cirewa.

Tun Litinin muka cire musu ruɓaɓɓiyar gadar katakon da ke kan rafinsu. Yau aka kawo bututun ƙarfe biyu da za mu binne a yi kwalbati. Ina cikin awo sai Arɗo, dattijon da ke shayar da shanunsa a rafin, ya kai ni gindin wata ɗorawa, ya nuna mini tabon ruwa daidai kafaɗata.

"'Yata, nan yake kaiwa idan damina ta yi tsakiya. Bututun nan sun yi masa kaɗan."

Na sake lissafi har sau biyu. Gaskiyarsa ce. Na kira Oga, ya ce, "Injiniya Rahila, abin da aka kawo shi za ki sa. Ko kin fi ofis sani ne?"

Ban sa ba. Na sallami leburori, mai katafila yana ta gunaguni.

Da zan tafi na tarar da mata suna ratsa rafin da doya a ka, ruwa har gwiwa. Wata mai goyo ta ce, "Anti, yaushe za ku gama?" Ni na cire musu gada, ni kuma na tsayar da aiki. Gobe ma haka za su ratsa.