Tankin Babur ɗin Dursun

Bengazi, Libiya
Oktoba, 1983

Zuwa ga iyalina Gulizar,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya kamar yadda nake a nan. Ina sumbatar hannun Inna, ina sumbatar idanun 'yata Nazli. Ki gaishe da ƙanenki Nevzat, ki ce masa labari ya iso ni yadda ya yi ta sheƙa gudu da babur ɗina da sunan kai cuku kasuwar Kars. Ban ce komai ba, amma tayoyin za su ba ni labari.

Mu nan har yanzu gumi muke yi muna zuba kankare, ku kuwa na san kan duwatsu ya fara fari. To ga maganar ajiye babur. Ki zauna ki karanta a tsanake, ba kina juya miya kina karantawa ba.

A wanke shi, a bar shi ya bushe sarai. Kada a kai shi ɗakin shanu. Na san Inna za ta ce can ya fi ɗumi, to babur ba maraƙi ba ne, tururin shanu tsatsa yake sa wa ƙarfe. A kai shi ɗakin ajiya, a ɗora shi kan kututture, tayoyin su bar ƙasa. Nevzat ya cire batir ya shigo da shi cikin gida, amma ba gindin murhu ba. A cusa tsumma a bakin salansa saboda ɓeraye. Sannan a tsiyaye fetur ɗin tanki kaf, har na kafireta, a zuba baƙin mai kaɗan a jujjuya ya shafe cikin. A kwance fulogi, a ɗiga cokalin mai a ramin, a mayar. A rufe shi da tsohon bargo, ba leda ba.

Ku yi hankali da sanyi. Allah ya tsare mini ku.

Mijinki,
Dursun

*

Ƙauyenmu, Kars
Nuwamba, 1983

Baban Nazli,

Gaisuwa da fatan alheri. Mu duka lafiya lau, sai tarin Inna da ya dawo da farkon sanyi. Wasiƙarka ta iso. Ni da uwarka da 'yarka mun raba layi biyu, sauran duk na babur ne. Inna ta ce in tambaye ka ko shi ma a sumbaci idanunsa.

An yi yadda ka ce. Yana kan kututture, ya sha bargo kamar mai jego. Batir yana ƙarƙashin gado, ɓangarenka. Inna ta so a kai shi wurin shanu, na karanta mata maganar maraƙi, ta ce tun kana yaro haka bakinka yake. Dusar ƙanƙara ta sauka washegari, yanzu ta kai gwiwa.

Abu ɗaya ne ban yi ba, kuma ba mantawa na yi ba.

Dursun, tun da aka kawo ni gidan nan, duk kaka ni ke riƙe maka mazurari kana cika tankin nan har baki. Kai ka koya mini cewa tanki cike ba ya gumi, ba ya tsatsa, kuma fetur yana iya jiran narkewar ƙanƙara. Sau ɗaya tak na ga ka tsiyaye tanki, ranar da maƙwabcinmu Rifat zai tafi Jamus. Na tambaye ka dalili, ka ce, "Wanda zai daɗe ne ake tsiyaye wa." Babur ɗin Rifat yana nan har gobe, kaji na ƙwai a kan sirdinsa, matarsa ta fara furfura.

Ka ce mini shekara ɗaya. Ka ce da ƙanƙara ta narke kana gida. To me ya kawo tsiyaya? Ko ka ɗauka mai riƙe mazurari ba ta da kunne?

Na aiki Nevzat ya kawo jarka, na cika tankin da hannuna, maƙil, har ya zuba mini a kan takalmi. Na ajiye maka babur ajiyar sanyi ɗaya, kamar yadda muka saba.

Haƙorin Nazli na gaba ya fita, ta ce kada a jefar sai ka gani.

Matarka,
Gulizar

*

Bengazi
Janairu, 1984

Gulizar,

Gaisuwa gare ki, da Inna, da mai giɓi.

Haba, baiwar Allah! Na karanta wasiƙarki a ɗakin kwananmu, abokan aiki suna tambayata wa ya mutu. Wallahi ban yi niyyar ɓoye miki ba, dabarar faɗa nake nema, sai ga shi tanki ya riga ni.

To gaskiya ne. Kamfani ya ba ni ƙarin shekara biyu, ban sa hannu ba tukuna, sai watan Maris. Ki tsaya ki ji. In na yi shekara biyun nan, da tarakta zan dawo. Ba sauran bin bayan shanu da garma, ba sauran roƙon mutane su yanke mana ciyawa bayan sun gama tasu, ruwa yana dukan tamu. Zan yi mana rufin kwano, ki huta da hawa soro. Don wa nake yi in ba don ku ba? Kin ɗauka daɗi nake ji a nan? Shayinsu ma kamar an dafa igiya.

Amma don girman Allah ki tsiyaye fetur ɗin nan. In ya kai lokacin zafi a ciki zai yi tsami, ya yi danƙo, ya toshe kafireta, ya ci tankin. Kin san wahalar da na sha kafin in mallaki babur ɗin nan. Shi bai yi miki laifi ba. In faɗa za ki yi, ki yi da ni.

Ki ba Inna zuma da ruwan ɗumi. Na bar ku cikin amanar Allah.

Dursun

*

Ƙauyenmu
Fabrairu, 1984

Maigida,

Muna gaishe ka. Hanya ta toshe, wasiƙarka ta daɗe a gari kafin mai keken doki ya kawo ta, don haka kada ka ce fushi ne ya hana ni amsawa. Fushin ma akwai.

Ai da kai nake faɗan. Babur ɗin ne kawai hannuna ya kai.

Na karanta wa Nevzat wasiƙar, sai tausayi ya kama shi, ba nawa ba, na babur. Jiya na tarar da shi a ɗakin ajiya da robar zuƙe fetur da bokiti. Ya ce, "Yaya, wallahi zunubi ne, injin nan babu irinsa a ƙauyen nan." Na ce, "Ajiye robar nan ko in ajiye maka ita a gadon baya." Inna ta leƙo ta ce, "Bar mata, ɗan nan. Da na yi wa uban Dursun irin wannan, da bai ƙare rabin ransa a ramin kwal ba." Ka ji ta bakin uwarka, ba ni na sa ta ba.

Tarakta abu ne mai kyau, ban musa ba. Na kwana biyu ina tunaninta, har na ga kaina a kai. Amma ka ce in huta da hawa soro nan da shekara biyu. To yanzu fa wa ke hawa? Duk safiyar da aka yi dusa ni ke kwashe ta da shebur kada rufi ya rufto mana. Ba aikin ne ya dame ni ba, na iya. Da can kai kana sama kana turowa, ni ina ƙasa ina zaginka don ka zubo mini a ka. Yanzu in na turo, babu kowa a ƙasa. Wannan ne yake sa ni kuka, kuma na gaji da cewa iska ce ta shiga mini ido.

Inna ta tsufa, Dursun, tarin nan ba irin na bara ba ne. Nazli kuma sabon haƙori ya fara leƙowa. In ka ƙara shekara biyu, wata yarinya za ka tarar, za ta gaishe ka da ladabi kamar baƙo.

Ba zan tsiyaye ba. In za ka sa hannu, ka sa, kai ne maigida, ba zan bar gaishe ka ba. Amma ka sa kana sane da cewa akwai abin da yake lalacewa a gida, kuma ba duka ake gyarawa da kwance kafireta ba.

Na buɗe murfin tankin yau na sansana. Lafiyarsa ƙalau tukuna.

Allah ya kiyaye ka, ya kiyaye mana kai.

Gulizar

*

Bengazi
Maris, 1984

Gulizar tawa,

Ina sumbatar hannun Inna da idanun Nazli. Ki ce wa Nevzat ya kai batir gari a yi masa caji.

Na je ofis jiya, na mayar musu da takardarsu babu sa hannu. Shugaban aiki ya tambaye ni dalili, na ce fetur ne zai lalace mini a gida. Ya daɗe yana kallona kamar mai taɓin hankali.

Kunya ce ta hana ni ce masa kewar matata ta ishe ni. Ke dai ga shi na gaya miki.

Sai na iso.

Dursun